Awa Ashirin da Biyar Zuwa Makera

"Awa nawa ka ce?"

Hajiya Rabi ta yi tambayar idonta na kan goron da take kankarewa. Ishaku, da ke durƙushe a bakin tabarma tun shigowarsu, ya gyara hularsa.

"Hajiya, ai yanzu duniya ta zo kusa. Ga waya, ga..."

"Ban tambaye ka waya ba, ɗan nan. Daga garin naku na Chaina zuwa ƙofar gidan nan a Makera, awa nawa?"

Kulu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ta san wannan muryar. Shekara huɗu ta yi tana jin ta a gidan nan, kafin hatsarin mota a hanyar Abuja ya ɗauke mijinta Yahaya, ɗan Hajiya na biyu, ya bar ta da 'ya guda. Sunan Hajiya aka sa wa yarinyar, shi ya sa kowa ke ce mata Mami. Shekararta biyar yanzu, kuma da ciwon sikila aka haife ta.

Shi kuwa Ishaku ɗan unguwarsu Kulu ne, Nasarawar Kaduna. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana birnin Guangzhou, yana haɗa wa 'yan kasuwar Kaduna da Kano kaya yana turo musu. Sun gama magana tsakaninsu: jibi Litinin zai koma, bayan wata biyu wakilinsa ya karɓa masa aure, ita da Mami su bi shi. Abu ɗaya ya rage. Ba a yi wa yarinya fasfo sai da takardar haihuwarta, da ta mutuwar ubanta, da sa hannun dangin uba. Takardun kuwa suna hannun Alhaji Ɗanjuma, wan marigayin, tun ranar sadakar bakwai.

Ga shi nan zaune a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana latsa waya kamar ba da shi ake ba.

Ishaku ya ce, "Daga can zuwa Addis Ababa, awa goma sha ɗaya."

"To. Ka sauka. Sai me?"

"A jira wani jirgin, kamar awa uku. Daga nan zuwa Abuja awa biyar."

"Goma sha tara," in ji Hajiya. Ta jefa goro a baki. "Ni ban yi boko ba, amma na sayar da atamfa shekara talatin. Ci gaba. Abuja ba Makera ba ce."

Ya ci gaba, muryarsa na raguwa. Fita daga filin jirgi zuwa tashar jirgin ƙasa, biyu. Jira da tafiya har tashar Rigasa ta Kaduna, uku. Daga Rigasa a tsallako gada a iso nan, guda.

"Ashirin da biyar. In kuma an dace da tikiti a ranar ke nan?"

"Haka ne, Hajiya."

Ɗanjuma ya ɗaga wayarsa yana dariya ƙasa-ƙasa. "Ga shi nan na duba. Kilomita dubu goma sha ɗaya da 'yan kai. Hajiya, Makka sau uku fa ke nan. A je Makka, a sake zuwa Makka, a ƙara."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye wuƙar, ta dubi Ishaku a karo na farko.

"A garin nan, in mutum ya cika da hantsi, yaushe ake kai shi?"

Kulu ta ɗago da sauri. "Hajiya, don Allah..."

"Ba da ke nake ba. Yaushe ake kai shi, Ishaku?"

"Bayan azahar."

"Mahaifiyarka Asabe, Allah ya jiƙan ta, da hantsi ta cika. Ni na je gidan. Da hannuna na riƙe butar da aka yi mata wanka. Mata suna ta tambaya, ina ɗan nata guda ɗaya tilo? Kai kana ina a lokacin?"

Ishaku ya kafa wa tabarma ido. Kulu na ganin yadda jijiyar wuyansa ke motsi.

"Ka faɗa mana. Ai ba abin kunya ba ne, neman halali ka tafi."

"Sai washegari na iso Addis, Hajiya."

"An ce mini a kan kujerar filin jirgi ka kalli makararta a waya, wani ya ɗauka ya turo maka." Ta girgiza kai. "To ni jikata mai sikila ce. Likita bai ba kowa takardar kwana nawa za ta yi ba. Jinin da uwarta ta kawo mana gida ke nan, muka karɓa da haƙuri. Ɗana na rasa shi a kan titi, amma na ga fuskarsa kafin a rufe. Wannan ɗin kuma a ɗauke ta a kai ta inda, in ta mutu, a ƙona ta ko a sa ta a firji kamar kifi?"

Hawaye ya zubo wa Kulu. Ba ta goge ba. Sau nawa aka gaya wa Hajiya cewa ciwon nan sai jinin uwa da na uba sun haɗu yake fitowa? Likita ma ya faɗa a gabanta, ta ce likitan ɗan garinsu Kulu ne.

"Hajiya," in ji ta, "can akwai asibitoci masu kyau. Ya kawo mini hotuna, har da sunan likitan da zai riƙa duba ta. Don ita na yarda. Wallahi don ita ne."

"Don ita? Don ita kika yi lalle?"

Ɗanjuma ya sauke ƙafarsa, ya jingino gaba. Mata biyu ya aura a rayuwarsa, kowacce da ƙafarta ta fita, ɗaya ko kayan ɗakinta ba ta tsaya kwasa ba.

"Kulu, bari in taƙaita miki, kada yamma ta yi. Na je wajen malamai, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mace in ta auri bare, riƙon ɗa ya fita hannunta. Uwarki ta rasu, ba ki da 'yar'uwa mace, saboda haka riƙo ya dawo wa Hajiya. In za ki yi tafiya mai nisa ma haka ne. Ke kin haɗa biyun. Ki yi aurenki, ki hau jirginki, Allah ya ba da zaman lafiya. Mami dai a nan za ta kwana."

"Yaya..."

"Sai dai," ya ɗaga yatsa, "in wanda kika aura muharramin yarinyar ne. Kamar baffanta. Wannan ba mai karɓe ta daga hannunki har ta yi aure." Ya yi murmushi, haƙorin Makkansa ya fito. "Ni ban cika son maimaita magana ba. Tun kina takaba na gaya wa Babanki."

Ishaku ya miƙe tsaye. "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Marainiya ce fa kake ciniki da ita."

"Zauna, malam. Kai da ba ka iya zuwa jana'izar uwarka ba, kai za ka koya mini zumunci?"

Kulu ce ta riƙe bakin rigar Ishaku, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ja shi zuwa ƙofa. Suna sa takalma Hajiya ta ɗaga murya daga ciki.

"Ki gaida mini da takwarata. Ki ce mata na gyara mata gado."

* * *

Suka hau keke napep zuwa gida. Suka wuce tsofaffin masaƙun Kakuri da ciyawa ta cinye harabarsu, inda mahaifinta Malam Sule ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Hadari na haɗuwa ta gabas. Kulu ta dubi sama, abin da ya fara zo mata shi ne ko Dorcas ta sa wa Mami rigar sanyi. Dorcas maƙwabciyarsu ce, nas, ita kaɗai Kulu ke iya bar wa yarinyar ta fita hankali kwance.

A zauren gidansu suka tsaya. Ishaku ya ƙi zama.

"Hauwa," ya ce. Shi kaɗai ke kiranta da sunanta na yanka. "Ki saurare ni da kyau. Mu yi auren. Ki bar ta wajen Hajiya wata shida kawai. Zan ɗauki lauya, a shiga kotu. Duk bayan wata biyu zan sa ki a jirgi ki zo ki gan ta."

"Wata shida."

"Ko ƙasa da haka."

"Ka taɓa ganin ciwon ya tashi?"

"Kin ba ni labari."

"Labari na ba ka." Ta share fuska da bayan hannu. "Ba kuka take fara yi ba, Ishaku. Shiru take yi. Ta daina wasa, ta riƙe gwiwarta, ta ce Umma tururuwa na cizona a cikin ƙashi. Daga wannan maganar zuwa lokacin da za a sa mata ƙarin ruwa, in ya wuce minti arba'in, to kwana biyar za mu yi a asibiti tana ihu. Na auna. Ina da lambar masu keke napep uku a wayata saboda haka, in ɗaya bai ɗauka ba in kira ɗaya. Na san nas ɗin da ke samun jijiyarta a huda ɗaya, na san wadda sai ta huda sau huɗu."

"Hajiya ma ai ta yi rainon yara."

"Hajiya ta ce sammu ne. Bara na bar mata ita yini guda na je biki Zariya. Na dawo na tarar an tsaga mata baya da reza an shafa garin magani, idonta ya yi ɗorawa, ba a ba ta ko kofin ruwa ba don kada ta yi fitsarin kwance. Leda biyu na jini aka ƙara mata. Yini guda ke nan, ina Zariya, tafiyar awa ɗaya da rabi. Kai kuma kana ce mini wata shida."

Ya dafe kansa da hannu biyu. "To in bar Chaina. In dawo."

"Yaushe?"

"Ki ba ni shekara biyu in tattara. Akwai kayan mutane a hannuna, akwai yaran aiki huɗu da ke ci a ƙarƙashina, ba zan..."

"Ko ka dawo ka buɗe shago a nan bakin unguwar Television, bare ne kai. Ba ka ji abin da ya ce ba?"

"To me kike so in yi? Ki faɗa mini! In canza uwa da uba in zama ƙanen Yahaya?"

Tsawa ta yi, ruwa ya fara sauka a kan kwanon zauren. Kulu ta jingina da bango. Tana son mutumin nan. Tun ranar da ya fara zuwa, ya durƙusa ya tambayi Mami sunan 'yar tsanarta kafin ya gaida uwar, ta san ta shiga uku. Amma ta san halinsa. In ta bar masa ƙofa ko da faɗin allura ce, zai fasa tafiyar, takardar zamansa ta mutu, aikin shekara goma sha ɗaya ya rushe, kuma duk da haka a karɓe mata 'ya. Sai ta nemo magana mafi muni da ke cikinta, ta ɗora a harshe.

"Hajiya ba ta yi ƙarya ba."

Ya ɗago. "Me kika ce?"

"Inna Asabe ta yi sati biyu a kwance. An gaya maka. Ka ce bari kwantena ta tashi tukuna. Wanda ya sa uwarsa ta jira kwantena, 'yar wani fa?"

Da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya tsaya yana kallonta, bakinsa a buɗe, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ke na gaya wa wannan," ya ce a hankali. "Ke kaɗai a duniya. Ina kuka na gaya miki."

"Na sani."

"Kika adana shi sai yau."

"Ka tafi, Ishaku. Gobe zan aiko da kayanka gidan kawunka. Ni ba zan auri kowa ba, ba kai ba, ba Yaya Ɗanjuma ba. In ban yi aure ba, ban yi tafiya ba, ba malamin da zai raba ni da 'yata. Zan zauna a kan keken ɗinkina har ta girma."

"Shekararki ashirin da shida, Hauwa."

"Ita kuma biyar."

Ya juya ya fita cikin ruwan, ko laima babu. Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwanar masallaci. Sannan ta durƙushe a ƙasan zauren ta toshe bakinta da mayafi, don kada Baba ya ji daga ɗaki.

Da ta shiga gidan Dorcas, Mami na zaune a kan kujera cikin rigar sanyi har da safa, tana shan ruwa a gorarta.

"Umma, Kawu Ishaku ya ce jirgin yana da talabijin a bayan kowace kujera. Gaskiya ne?"

Dorcas ta dubi fuskar Kulu, ta gane. "Maman Mami, zauna tukuna. Kai, mutanen nan ba su da imani."

* * *

Ranar Lahadi ta mayar da akwatin kayan da Ishaku ya kawo mata. Ta kuma aika wa Hajiya cewa ta fasa, kuma ba ta da niyyar wani auren. Amsar da ta dawo gajeriya ce: Allah ya yi mata albarka.

Litinin ta waye da yayyafi. Ta san da jirgin ƙasan safe zai tafi, na sama kuma ya tashi daga Abuja ƙarfe ɗaya da rabi. Bai kira ba. Ita ma ba ta kira ba. Ta kai Mami makaranta, ta buɗe shagonta, ta ɓata wuyan riga biyu ta farke.

Ƙarfe biyu saura ta isa ƙofar makarantar da laima da rigar sanyi ta biyu a jaka. Yara suna ta fitowa. Ta tsaya har suka ƙare.

"A'a, Maman Mami," in ji malamar ajin. "Ai tun sha ɗaya baffanta ya zo ya ɗauke ta. Ya ce kakarta ba lafiya. Sunansa na cikin fom ɗin da babanta ya cike, shi ya sa muka ba shi. Ga gorar ruwanta ma ta manta."

Kulu ta karɓi gorar. A cike take, ko rabi ba a sha ba.

Ba ta san yadda ta isa Makera ba. Ta tarar da ɗakin Hajiya da kwaɗo. Ɗanjuma na zaune a barandar tsakar gida yana cin gyaɗa, kamar mai jiran baƙo.

"Ina 'yata?"

"Babu sallama?"

"Yaya, ina 'yata?"

"Hajiya ta tafi da ita ƙauye, can bayan Malumfashi, wajen mai magani. Yanzu haka sun wuce Funtuwa."

Kulu ta dafa ginshiƙi. Ta san ƙauyen, sau ɗaya aka taɓa kai ta tana amarya. Daga bakin titi sai an yi awa guda a kan babur cikin taɓo, ga rafi da ke cika da damina. Babu asibiti, ko kemis babu.

"Ba ta sha maganin rana ba. Babu rigar sanyi a jikinta sai ta makaranta. Ruwa ake yi, Yaya! Na fasa auren! Na aiko muku na fasa!"

"Mun ji, mun kuma gode. Kin yi rabin hankali." Ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinsa. "Yau kin kori na Chaina. Gobe na Dubai ya zo, jibi na Legas. Mu zauna kullum gabanmu na faɗuwa? Mace kamarki ba ta zama haka. Gara a rufe ƙofar gaba ɗaya."

"Zan kai ka wajen 'yan sanda."

"Bismilla. Ki ce musu kaka ta ɗauki jikarta. Su ce maganar gida ce, ki tafi kotu. Kotu ta ba ki rana bayan sati uku." Ya kalli sama. "Ga shi kuwa an ce ruwan bana mai sanyi ne."

Ta fita waje da gudu, ta kira Hajiya a waya. A kashe. Ta kira Baba. Tsohon ya yi ta tari kafin ya ce, "Kulu, Alhaji ya zo mini jiya. Ni na gaji. Ɗan gida ne, ya san ciwon yarinyar, kuma ba zai kai ku bayan duniya ba. In kin amince, ni ban ƙi ba."

Ta kira Dorcas. "Ki tsaya nan, kada ki sa hannu a komai," in ji Dorcas. "Ina duti a asibiti har ƙarfe takwas, in na tashi mu nemi mota mu bi su."

"Ƙarfe takwas a nemi mota, a kama hanyar Funtuwa? Wa zai kai mu? In mun isa rafin fa?"

Kulu ta katse wayar.

Sai ta kira lambar da ta rantse ba za ta sake kira ba. Ta kira sau bakwai. Kowane karo muryar matar nan ce ke gaya mata wayar a kashe take. Ta duba agogo: uku saura kwata. Yana sama. Ko da ya yafe mata, ko da zai iya wani abu, babu hanyar da maganarta za ta kai gare shi sai ya sauka.

Ta tsaya a bakin kwata, ruwa na dukan ta, ta yi lissafin da ta saba. In suka juyo yanzu, kafin isha sun iso. In suka tsallaka rafin suka kwana, sai abin da Allah ya yi. Ta ga reza. Ta ga bayan Mami.

Ta koma ciki.

"Ka kira su su juyo. In na gan ta da idona, ta sha magani a hannuna, na yarda."

"A'a. A shafa fatiha tukuna, sannan in kira direba."

"Yaya, don darajar ƙanenka da ke kabari."

"Don darajarsa nake yi. Bayan magariba, a masallacin bakin layi. Na riga na gaya wa liman, goro ma na saya." Ya miƙe yana karkaɗe riga. "Ki daina ce mini Yaya. Ki shiga ɗakin can ki canza kaya, kin jiƙe."

Ɗakin da ya nuna mata shi ne wanda aka kawo ta tana amaryar Yahaya.

A bakin gado ta zauna da jiƙaƙƙun kayanta, gorar ruwan a cinyarta. Ta ji an kira la'asar. Ta ji an kira magariba. Ta ji tarin Baba a waje lokacin da aka sauke shi daga motar Ɗanjuma. Lasifikar masallacin ba ta da nisa, don haka ba abin da ya wuce ta: sunanta, sunan ubanta, an bayar, an karɓa. Da liman ya ce fatiha, hannuwanta suka ƙi ɗaguwa.

Ta buɗe jaka ta fito da magani da rigar sanyi ta jera a kan gado. In direban ya juyo yanzu daga inda suke, awa huɗu. Ta fara tunanin wace nas ce ke duti.

Ko minti biyar ba a yi ba ta ji ƙaramin takalmi a tsakar gida.

"Umma!"

Mami ta faɗo jikinta a guje. Kulu ta rungume ta, ta taɓa goshi, ta buɗe ido ta duba, ta matsa yatsun hannu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga riga ta shafa baya. Lafiya lau. Kayanta a bushe, takalminta ko ɗigon taɓo babu.

"Ina kuka je, Mami?"

"Gidan Gwaggo Ladi, nan bayan masallaci. Mun yi ta kallon katun. Hajiya ta ce in na yi shiru ban leƙa waje ba za ta saya mini alawa. Umma, na hango ki ta taga kina tsaye a cikin ruwa, na ce ga Ummana, Hajiya ta rufe labule."

Hajiya Rabi na tsaye a bakin ƙofa, tana naɗe carbi a hannu.

"Amarya, ba kya laifi," ta ce. "Kin ga ai zumunci ya fi daɗi a kusa."

Kulu ta juya mata baya. Ta ɓare maganin, ta sa wa yarinyar a baki, ta kafa mata gora har sai da ta shanye rabi. Tana sa mata rigar sanyi wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce, doguwa, ta ƙasar waje.

Ta ɗauka.

"Hauwa? Hauwa, ni ne. Yanzu muka sauka Addis, na ga kiranki bakwai." Muryarsa na haki, bayansa hayaniyar mutane da sanarwar lasifika. "Ki saurare ni, kada ki katse. Awa biyar ina tunani a sama. Gaskiya kika faɗa mini, na sa Inna ta jira. Ba zan sake ba. Ba zan hau na biyun ba, na riga na je wajen masu tikiti, gobe da rana ina Abuja. Kayan mutane in mayar musu, takardar zama ta mutu in ta ga dama. In shekara goma za a yi a kotu, mu yi, ina nan kusa da ku. Hauwa? Kina ji na? Me ya faru kika kira?"

Mami ta ɗago kai. "Umma, Kawu Ishaku ne? Ki tambaye shi talabijin ɗin."

A tsakar gida Ɗanjuma ya yi sallama, maza na yi masa barka, yana dariya yana tambayar ina amarya. Takunsa ya nufo ɗakin.

Kulu ta jawo 'yarta ta manna a ƙirji, ta rufe mata kunne ɗaya da tafin hannu.

"Malam Ishaku," ta ce, "ka hau jirginka. An shafa fatiha."